Yadda ake fita kallon tsuntsaye da abokai lokacin hunturu a gaɓar tekun Norfolk

Duk wanda ya taɓa cin hunturu ɗaya a Ingila ya san abin da watan Disamba ke yi wa mutum, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, Asabar ta zo ka naɗe cikin bargo kana latsa waya har magariba ta riske ka tun huɗu bata yi ba. Mu dai abin da ya fitar da mu daga wannan zaman shine tsuntsaye, kuma tunda 'yan uwa da dama sun yi ta tambayata yadda muke shirya fitar, bari in zayyana muku komai yadda muke yi. Zan ɗauki arewacin Norfolk da ke gabashin Ingila saboda nan na fi sani, amma tsarin zai yi muku aiki a kowace gaɓar teku mai laka da daji a kusa.

Kafin a yi maganar mota ko jaka sai an fara duba wata. Eh, wata na sama. Teku tana cikowa sau biyu a yini tana janyewa sau biyu, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25 ne, shi yasa kullum lokacin ke ƙara matsawa gaba da kamar minti 50. Cikowa mafi girma kuma tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata da kuma bayan wata ya cika, wato mu da muka saba lissafin watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi, farkon wata ne da wajen 15 zuwa 16. Dalilin da yasa wannan ya zama dole shine a Snettisham, bakin wani ƙaton lungun teku da ake kira Wash, akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka da Turawa ke kira knot, basu kai kurciya girma ba, daga Girinlan da arewacin Kanada suke zuwa, suna kiwo a cikin laka dubbai a kan dubbai. In ruwa ƙarami ne zasu tsaya can nesa ko alamarsu ba zaka gani sosai ba, amma in babbar cikowa ce ruwan zai yi ta turo su har laka ta ƙare musu gaba ɗaya, sai su tashi a tare su wuce ta saman kanku su sauka a tafkunan da ke bayan tudun tsakuwa. Wannan tashin ake zuwa gani.

Toh tsakanin farkon wata da tsakiyarsa wanne za a zaɓa? Ni farkon wata nake zaɓa, saboda dinya. Akwai dinya mai ruwan hodar ƙafa da ke zuwa daga Aisilan da Girinlan, tana kwana a bakin laka, gari na wayewa ta tashi layi layi ta nufi gonakin da aka tone gwozar sukari tana cin ragowar. In akwai farin wata sosai da yawansu a gona suke kwana suna ci da dare, ka zo da asuba ka tarar babu abin kirki. In duhun wata ne kuwa zaka samu dinyar kuma ka samu babbar cikowa a fita ɗaya. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da ke kula da wajen tana fitar da jadawalin ranakun a shafinta, ku duba shi tun da wuri, ku tabbatar lokacin cikar ya faɗo bayan gari ya yi haske don a tsakiyar hunturu wani lokacin ruwa na cika tun da duhu, sannan ku duba ko sai an yi bukin ɗin wajen ajiye mota a ranar.

Bayan rana ta tsaya sai mutane. Huɗu sun isa, mota ɗaya kenan. Mun taɓa gwadawa mu tara a mota biyu, rabin safiyar a jiran juna ta tafi, kuma mutum tara basa iya yin shiru. Ku raba aiki tun a guruf ɗin WhatsApp: wane ne direba, wa zai zo da shayi da abinci, wa zai riƙe lokacin ruwa da na sallah, wa zai riƙa rubuta abin da aka gani. In daga Landan kuke kuma ba mota, jirgin ƙasa daga tashar King's Cross yana kai ku King's Lynn cikin ƙasa da awa biyu ko kusa da haka, daga nan akwai bas mai bin gaɓar teku, sai dai ba zai kai ku Snettisham kafin asuba ba, don haka gara a tafi ranar Juma'a da yamma a kama ɗaki a King's Lynn ko Hunstanton a raba kuɗin.

Maganar sutura zan ɗan tsaya a kanta don a nan ake lalata fita. Sanyin bakin teku daban yake da na cikin gari, iska ce mai ɗanshi da ke tasowa daga arewa ba gini ba bishiya da zai tare ta, kuma kai ba tafiya kake ba tsaye kake wuri ɗaya awa guda ko fiye. Ka sa kaya hawa uku, na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba saboda auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa, sai suwaita mai kauri, sai jaket mai tare iska da ruwa a sama. Jins kaɗai ba zai yi ba sai da dogon wando na ciki. Safa biyu, hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu siririya wadda zaka iya juya madubi da ita, da takalmi mai tare ruwa. Launi kuma a nemi mai duhu, kore ko toka ko ruwan ƙasa. Akwai wani ɗan'uwa da muka tafi da shi shekarar farko da ya zo karatu, da kambas ya zo, mu kuma bamu duba ƙafarsa ba kafin mu tashi, raɓar ciyawa ta jiƙa shi tun a hanya, kafin ruwa ya ciko yatsunsa sun daina ji dole ɗayanmu ya raka shi mota ya kunna masa hita, su biyun basu ga tashin tsuntsayen ba. Abin ya dame ni sosai don saboda shi muka shirya fitar. Tun daga ranar duk sabon da zai bi mu sai ya turo min hoton takalminsa, in bai da shi mu aro masa.

Madubin hangen nesa, wanda wasu ke cewa bainakula, ka nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke shigo da haske, kuma a hunturu haske ne ke da tsada. Kar ka ruɗu da masu lamba 20 da ake sayarwa arha, hannunka na rawa saboda sanyi ba abin da zaka gani sai girgiza. In baka da shi kar hakan ya hana ka, a Titchwell, wani wajen kallon tsuntsaye na RSPB da zamu zo kansa, ana bada haya. Ka saita shi tun a gida: rufe idon dama ka juya keken tsakiya har abu ya fito tas a idon hagu, sannan ka rufe hagu ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shima ya fito, shikenan ya zama naka. Kuma ka koyi abu ɗaya, in ka ga tsuntsu kar ka sauke idonka ƙasa kana neman madubi, ka kafe shi da ido ka ɗago madubin ya same ka a haka. Ka gwada da tantabarun unguwarku kwana biyu zaka iya.

A waya a sauke manhajar Merlin, kyauta ce, tana taimakawa da hoto da kuma sauti, a sauke bayanan tsuntsayen Birtaniya tun a gida saboda netwok a wasu wuraren sai a hankali. A zo da fawa bank don sanyi na shanye batir kamar me. Fulas biyu, ɗaya na shayi mai citta da kanumfari ɗaya na ruwan ɗumi zalla don alwala. Abinci wanda ake ci a tsaye, dabino, gyaɗa, biredi da ƙwai, kilishi in wani ya dawo daga gida kwanan nan. A tuna a Disamba rana bata fitowa sai wajen takwas kuma kafin huɗu ta faɗi, azahar wajen sha biyu, la'asar kafin biyu, wato kusan sallah huɗu a waje zasu same ku, don haka a zo da sallaya da leda mai faɗi da za a shimfiɗa a ƙarƙashinta saboda ƙasa a jiƙe take ko'ina.

Ranar fita ku isa Snettisham aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin cikar. Daga wajen ajiye mota zuwa inda ake tsayawa tafiya ce ta kilomita 2 da wani abu, ku ba ta minti 40, da tocila a hannu kuna haska ƙasa kawai, kuna kusa ku kashe. Babu banɗaki a can, kowa ya kimtsa tun a masauki. In kun isa zaku tarar da mutane a jere kan tudu, tsofaffi da yawa, wasu da manyan madubai masu ƙafa uku, ku yi musu gaisuwa a hankali ku tsaya a gefe kar ku shiga gabansu.

Abin da zaka fara ji shine muryar dinya a cikin duhu, ƙara ce siririya mai yawa kamar kasuwa daga nesa. Sai gabas ta fara ja, sai ka ga layi na farko ya tashi, na biyu ya biyo, kafin ka ankara sama ta cika da layuka har baka san wanne zaka bi ba. Kana cikin wannan sai wani ya taɓa ka ya nuna maka laka, abin da ka ɗauka duwatsu ne ashe motsi yake, knot ne suna gudu gaban ruwa, na baya na tashi su sauka a gaba. Da ruwa ya cinye tsibirin laka na ƙarshe sai su tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi, in suka juya baya su yi duhu in suka juya ciki su yi fari fat a lokaci guda, sannan su taho ƙasa ƙasa ta kanku, ba kuka suke ba, ƙarar fukafukai ce kawai, shuuu, kamar iskar da ke gaban ruwan farko na damina. Shawarata a wannan minti biyar ɗin kar kowa ya ɗaga waya, bidiyon ba zai fito da komai ba sai ɗigo ɗigo, kuma zaka rasa abin da ka yi sammako dominsa. Bayan sun sauka ku shiga ɗaya daga ɗakunan katakon da aka gina masu siraran tagogi, Turawa na ce musu hide, ku buɗe taga a hankali ku rufe ƙofa a hankali, zaku gan su cunkushe a bakin tafki har ƙasa bata ganuwa, ga wasu baƙi da fari masu jan baki dogo a gefensu, su ne oystercatcher.

Dan Allah a nan ina da roƙo. Tsuntsun da ke hutawa a hunturu kar a tashe shi don a samu hoto. Duk tashin da ya yi kitsen jikinsa yake ƙonawa, ranar gajera ce, laka a rufe take rabin lokaci, kuma da wannan kitsen zai kwana cikin sanyi ya kuma koma Girinlan in bazara ta yi. In ka ga sun ɗaga kai gaba ɗaya suna kallonka toh ka matso da yawa, ja baya. In kun ga mataccen tsuntsu kar a taɓa shi saboda murar tsuntsaye, a faɗa wa ma'aikatan wajen. Kuma kar wanda ya sauka cikin laka ko fadamar gishiri, ruwa ta baya yake zagayowa ya cika ƙoramu kafin ka lura, in wani abu ya faru a kira 999 a ce ana son masu gadin teku, wato coastguard.

Wajen goma sai a kama titin A149 zuwa Titchwell, minti ashirin da wani abu ne. A nan akwai banɗaki da wajen shan shayi mai ɗumi, a zauna yatsu su dawo. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya daga ofishinsu zuwa bakin teku, kusan kilomita 1, tafkin ruwan daɗi da na gishiri a gefe, kuma nan ne wajen koyon gane tsuntsu don suna kusa. Yadda muke yi shine kafin kowa ya buɗe manhaja sai ya faɗi abu huɗu da bakinsa: girmansa in an kwatanta da wanda muka sani, kamar tantabara ko agwagwa ko zalɓe, sai siffar bakinsa, miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa ƙasa ko sama, sai launin ƙafa, sai abin da yake yi. Mai dogon baki da ya lanƙwasa ƙasa curlew ne, fari da baƙi mai bakin da ya ɗaga sama avocet ne wanda ke jikin tambarin RSPB, ƙaramin fari mai tsere da igiyar ruwa a kan yashi sanderling ne. Ƙaramar dinya baƙa mai ɗan fari a wuya kuwa brent ce, daga Saberiya take zuwa. In zaka nuna wa abokinka tsuntsu kar ka ce gashi can gashi can, ka kama wata alama, ka ce daga wancan turken katako ka yi dama kaɗan a bakin ruwa. Kuma in kun ga wani da babban madubi ku tambaye shi me yake kallo, wallahi mafi yawansu da murna zasu matsa su ce ka leƙa.

Zaku haɗu da 'yan gida ma. Zalɓe na nan yadda kuka san shi, tsaye shiru a bakin ruwa. Balbela da muka saba gani bayan shanu ta fara hayayyafa a Ingila a 2008, yanzu ana ganinta jefi jefi a makiyaya. Akwai kuma wani da ake kira ruff, kaɗan ne ke cin hunturu a nan, mafi yawan danginsa a wannan watannin suna Afirka, ciki har da fadamun Haɗejia da Nguru, wani abokinmu ɗan Gashuwa da ya gan shi a madubi ya daɗe bai ce komai ba, daga baya yace tun yana yaro yake ganin garkensu a gonakin shinkafa bai taɓa sanin daga ina suke zuwa ba.

Bayan azahar sai daji. Daga Titchwell zuwa Holkham wasu minti ashirin ne, a ajiye mota a Lady Anne's Drive, akwai kuɗin fakin. Dogon dajin bishiyoyin fayin ne a kan tudun yashi, kana shiga iska ta yanke jikinka ya saki. Kallon daji da na teku ba ɗaya bane, a teku ido ke aiki a daji kunne ne. Zaku iya tafiya minti goma sha biyar ba ko motsi har wani ya fara cewa ba komai a nan, toh ku yi haƙuri, ƙananan tsuntsaye a hunturu garke ɗaya suke haɗawa iri daban daban suna yawo tare, in baku same su ba babu, in kun same su duk suna nan. Da kun ji 'yar ƙara siririya tsi tsi tsi daga sama ku tsaya cak, kowa ya jingina da bishiya ya juya wa rana baya, kar a nuna da hannu da sauri, garken da kansa zai ratso ta kanku. Zaku ga masu dogon wutsiya kamar cokali suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, zaku ga wani mai ruwan ƙasa yana hawa jikin bishiya kamar ɓera, sannan ku nemi goldcrest, shine mafi ƙanƙanta a Birtaniya, nauyinsa giram 5 zuwa 6 ne kamar tsabar peni 20, da ɗan layi ruwan ɗorawa a tsakar kansa. Na taɓa tsayawa ɗaya ya sauko reshen da bai fi kamu biyu da fuskata ba, yana ta tsintar abin da idona baya gani a tsakanin ganye, ko kallona bai yi ba, ina jin numfashin abokina a bayana ya riƙe shi.

A bakin dajin ku duba bishiyoyi masu jajayen 'ya'ya, nan redwing da fieldfare ke sauka, baƙi ne daga ƙasashen Sikandinebiya. In da sauran haske ku fita fili wajen teku, akwai inda ake kewayewa da igiya saboda snow bunting da shore lark, ƙananan tsuntsayen da ke tsintar iri a ƙasa, ku tsaya bayan igiyar ku jira su motsa don launinsu ya saje da yashi. Wanda ke da kwana biyu ya bar rana ta biyu don dajin Thetford, musamman Lynford, inda ake zuwa neman hawfinch mai ƙaton baki da yammacin hunturu, yana kan hanyar komawa kudu dama.

Uku da rabi ku dawo bakin dajin ta ɓangaren makiyaya ku fuskanci kudu, dinyar da ta tafi gona da safe zata fara dawowa, ku yi magariba a nan kusa da mota sannan a zuba sauran shayin. Kafin a tada mota mai rubutu ya karanto abin da aka gani, kowa ya tuna masa wanda ya manta, wanda ba a tabbatar ba a bar shi kar a saka. A shigar da jerin a manhajar eBird ko BirdTrack da sunan wajen da lokaci da ƙiyasin adadi, masu bincike na amfani da shi sosai wajen sanin ko tsuntsaye na raguwa. Sannan tun kuna tare a buɗe jadawalin ruwa a tsayar da ranar fita ta gaba, in aka bari sai an koma gida kowa zai shige harkarsa, dinyar kuma daga Fabrairu take fara barin Norfolk ta yi arewa.